Clive Sinclair: mai ƙirƙira ne ko gwanin rage tsada?

Baba_Z80:
Assalamu alaikum jama'a. Sir Clive Sinclair, ɗan Birtaniya mai kamfanin ƙera kwamfuta da kayan lantarki, ya rasu ranar 16 ga Satumba 2021 a Landan yana da shekara 81, kuma tun daga lokacin duk inda aka ambace shi sai ka ji ana cewa shi ya ƙirƙiro kwamfutar gida. Ni ban yarda da wannan ba. Kafin kwamfutarsa ZX80 ta fito a 1980, Apple II da Commodore PET da TRS-80 duk suna kasuwa tun 1977. Furosesar Z80, wato ƙwaƙwalwar kwamfutocin nasa, ta kamfanin Zilog ce. Fanel ɗin (allon da'irar lantarki) ZX80 da ZX81 aikin Jim Westwood ne, na Spectrum kuma Richard Altwasser. Abin da Sinclair ya ƙware a kai shi ne ya yanka farashi tukuna, sannan ya ce wa injiniyoyi su cusa kwamfuta a cikinsa. Duk alherin injinansa daga nan ya fito, duk ciwonsu ma daga nan. Wanda yake da ja, bismillah.

Injiniya_Ummi:
Wa alaikumus salam. Baba, sunayen da ka kawo daidai ne, amma hukuncin ya yi tsauri. Rage tsada irin nasa ai ƙirƙira ce. Ɗauki kalkuletar Executive ta 1972. IC ɗin (ɗan guntun da'irar lantarki) Texas Instruments da ke cikinta yana shan wuta sosai, shi ya sa kalkuletocin lokacin suke da manyan batura. Su Sinclair suka gano cewa idan ana ba shi wuta ana ɗaukewa cikin sauri, ba ya manta lissafin da ke cikinsa tsakanin bugu da bugu. Shan wutar ya ragu fiye da sau goma, sai ƙananan batura masu kama da maɓalli suka isa, kalkuleta ta shiga aljihun riga. Babu wanda ya rubuta wannan a takardar bayanin IC ɗin, gwaji ne ya fito da shi.

Malam_Lissafi:
Ƙari a kan na Injiniya: kalkuletar Sinclair Scientific ta 1974. IC ne da aka yi don tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa kawai, ROM ɗinsa (ma'adanar umarni ta dindindin) umarni 320 yake ɗauka. Nigel Searle ya cusa sin, cos, tan da log a cikin wannan ɗan wuri. Tana da jinkiri, amsarta kuma ba ta wuce lamba uku ko makamancin haka a daidaito, amma ta yi aiki.

Baba_Z80:
Malam, ai ka ƙara min hujja ne. Searle ka ce, ba Sinclair ba.

MaiDalma_Kano:
A bar gardamar suna a duba fanel, a nan ake gane mutum. ZX80 tana da IC 21, furosesa mai gudun 3.25 MHz, ROM 4K, RAM (ma'adanar aiki) 1K. Fam 79.95 idan za ka haɗa da kanka, 99.95 haɗaɗɗiya. Ba ta da IC na hoto ko ɗaya. Furosesar ce da kanta take zana hoto a talabijin, kuma yadda ake yi abin mamaki ne: ana tura Z80 ta karanta ma'adanar rubutun sikirin kamar umarni take karantawa. Duk harafin da ta ɗauko, sai wasu ƙananan IC su kama lambarsa, su kuma miƙa wa furosesar sifili, wato NOP, umarnin "kada ki yi komai". A ɗan lokacin da Z80 take sabunta RAM sai a ɗauko siffar harafin daga ROM a tura wa talabijin. Ƙarshen kowane layi akwai lamba 118, wadda a wurin Z80 take nufin HALT, sai ta tsaya ta jira layi na gaba.
Illar ita ce furosesa ɗaya ba za ta yi aiki biyu lokaci guda ba. Da ka danna maɓalli ko ka ce RUN, hoto ya ɗauke, sikirin ya yi ƙyafta. Shi ya sa ZX80 ba ta dace da wasa mai motsi ba sai da dabara mai wuya.

Yarima8bit:
To yaya aka yi ZX81 ta daina ƙyaftawar? Na ga ita ma Z80 ce da 1K.

MaiDalma_Kano:
Ƙanina, an ƙara da'irar da ke katse furosesa a kan lokaci, NMI. Sai aka samu yanayi biyu. A SLOW, furosesa tana zana hoto, tana yin aikinka ne kawai a lokacin da talabijin ke zana farin gefen sama da na ƙasa. Kusan kashi uku cikin huɗu na lokacinta hoto ke cinyewa. A FAST kuwa ta koma halin ZX80: gudu ya ninka kusan sau huɗu, hoto ya tafi har ta gama. Babban canjin shi ne IC 21 sun koma 4 (wasu fanel 5, idan an sa 2114 guda biyu a matsayin RAM). Kamfanin Ferranti ya yi musu ULA, IC guda da ya haɗiye aikin ƙananan. Da haka farashi ya sauko zuwa fam 49.95 da 69.95 a Maris 1981. Timex ke haɗa su a Dundee ta Sikotilan, aka sayar da sama da miliyan ɗaya da rabi.

Malam_Lissafi:
Bari a yi lissafin 1K ɗin nan don matasa su ga ƙuncin. Bayit 1024 ne. RAM tana farawa a adireshi 16384, manhajarka tana farawa a 16509, ke nan injin ya riga ya ci 125 don bukatun kansa. Cikakken sikirin layi 24 ne, kowanne harafi 32, wato 768, a ƙara 25 na alamar ƙarshen layi, 793. Saura 106. Shi ya sa a injin 1K ma'adanar sikirin take tsukewa: layin da babu rubutu bayit ɗaya kawai yake ci, sikirin fanko bayit 25. Kana cika sikirin da rubutu, wurin manhajarka yana raguwa, sai ka ga rahoto mai lamba 4, ma'adana ta cika. A cikin wannan ƙuncin David Horne ya rubuta wasan dara na Turawa cikin bayit 672.
Wata dabara ta masu 1K: lamba a cikin layin BASIC, harshen rubuta manhaja na injin, tana cin bayit 6 bayan haruffanta, don haka maimakon 1 sai su rubuta SGN PI, maimakon 0 NOT PI, maimakon 3 INT PI. Manyan lambobi kuma VAL "500".

Hajjo_ROM:
Tunda ana yabo a faɗi aibi. ZX81 na farko sun fito da kuskure a ROM: ka nemi SQR na 0.25, maimakon 0.5 sai ta ba ka 1.3591409. Sai da aka riƙa manna wata 'yar da'ira a kan furosesa kafin gyararren ROM ya iso. Sannan ga shahararren akwatin RAM na 16K. Ba a yi masa soket a jikin injin ba, bakin fanel ɗin ne kawai ya leƙo waje da layukan dalma, akwatin ya cije shi, babu sukuru babu maƙalli. Kibod ɗin kuma leda ce shimfiɗaɗɗiya, sai ka danna da ƙarfi. Dannawa ɗaya injin ya ɗan motsa, akwatin ya girgiza, layin adireshi ɗaya ya rabu na ƙiftawar ido, aikin awa biyu ya tafi. Mutane suka koma liƙe shi da Blu-Tack, wani ɗanƙon manna takarda a bango. Wannan ba hikima ba ce, rowa ce.

Tsohon_Rediyo:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma halin ya girmi kwamfutocin. Agogon hannu na Black Watch na 1975: an ce batir zai yi shekara, kwana goma yake yi. Gudun agogon yana canzawa da zafi da sanyi, wutar da rigar nailan ke tarawa tana iya kashe IC ɗin. Asarar ce ta sa hukumar gwamnati ta National Enterprise Board ta shiga kamfaninsa Sinclair Radionics a 1976. Ga kuma al'adar tallata kaya a jarida, a karɓi kuɗin mutane ta gidan waya da alkawarin kwana 28, kaya su zo bayan watanni.

Injiniya_Ummi:
Duk na ji. Amma a kwatanta da abin da ke gefe. BBC Micro Model B ta kamfanin Acorn inji ne mai kyau ƙwarai, kibod na gaske, soket iri-iri, amma fam 399. Spectrum ta fito 23 ga Afrilu 1982: 16K fam 125, 48K fam 175, daga baya suka sauko 99 da 129. Ɗan direban bas ko ɗan ma'aikacin masana'anta wanne iyayensa za su iya saya masa? Ba sai an sayi sikirin ba, talabijin ɗin falo ya isa. Ba sai an sayi na'urar faifai ba, rakodar kaset ta gida ta isa. Kusan miliyan biyar aka sayar kafin a daina yi a 1992. Ai ba a cewa mai araha ya cuci wanda da ba zai taɓa mallaka ba sam.

Yarima8bit:
Anti Ummi, ni abin da ban gane ba shi ne launin Spectrum. Me ya sa idan mutum-mutumin wasa ya wuce gaban bango sai launinsa ya ɓata bangon, murabba'i-murabba'i?

Injiniya_Ummi:
Lissafin ma'adana ne. Hoton ɗigo 256 a kwance, 192 a tsaye. Idan kowane ɗigo bit ɗaya ne, a kunne ko a kashe, bayit 6144 ke nan. Da a ce kowane ɗigo zai riƙe launinsa da bit 4, sai an ci bayit 24576, alhali ƙaramin injin duka RAM ɗinsa 16384 ne. Sai Altwasser ya raba sikirin gida-gida, kowane gida ɗigo 8 sau 8, gida 768, kowanne bayit ɗaya: bit 3 launin tawada, bit 3 launin takarda, bit 1 ƙarin haske, bit 1 walƙiya. Jimla 6912. Saboda haka gida ɗaya launi biyu kawai yake ɗauka. Idan jan mutum ya shiga gidan da koren ganye yake, dole ɗaya ya ari launin ɗaya. Gwada wannan a kan Fuse ko wata manhajar da ke kwaikwayon Spectrum a kwamfutar zamani: POKE 22528,16+7 sai gidan farko na sama hagu ya koma jan takarda da farar tawada. 22528 ne farkon launuka, 16384 farkon ɗigo.

Kawu_Fanel:
Kuma jerin layukan ba a miƙe yake ba. An kasa sikirin uku, kowane kashi layi 64, bayit 2048. A cikin kashin, layi na 0 ne farko, sai na 8, na 16, har 56, sannan a dawo na 1, na 9, haka. Wanda ya taɓa kallon hoto yana shigowa daga kaset ya san abin: zane yana fitowa tsiri-tsiri baƙi da fari kamar ana saƙa, kashin sama ya cika, na tsakiya, na ƙasa, sai a ƙarshe launi ya zubo daga sama zuwa ƙasa cikin daƙiƙa kaɗan. An yi haka ne don ULA ta ɗauko bayit ɗin ɗigo da na launi a jere da sauri daga RAM, kuma ga mai rubuta manhaja, umarnin INC H kawai ke kai shi layi na gaba a cikin harafi.

Dan_Damagaram:
Ina da tambaya ta aiki. Idan mutum ya samu tsohuwar Spectrum 48K mai kibod ɗin roba daga kayan gwanjo, me zai fara yi? Ya jona ya gani?

MaiDalma_Kano:
A'a Malam, kada ka jona. Jonawar farko ce take kashe yawancinsu.
Fara da adafta. Spectrum tana son 9V DC, kuma tsakiyar filogin negatif ne, waje fozitif. Yawancin adaftocin da ke kasuwa akasin haka suke, kuma injin ba shi da kariya. Ka juya wuta sau ɗaya, ka yi asarar regileta da taransistoci, wani lokaci har RAM. Adaftar asali ba ta da regileta, idan ba kaya a kanta mita za ta nuna maka 12V zuwa sama, wannan ba lalacewa ba ce.
Kwance sukuru biyar na ƙasa, ɗaga murfin a hankali, domin leda biyu na kibod suna maƙale a fanel, ɗaya mai layi 5 ɗaya mai layi 8. Zare su a miƙe, kada ka lanƙwasa.
Za ka ga IC takwas a jere masu lamba 4116, su ne RAM na ƙasa, 16K. Waɗannan wuta uku suke ci: ƙafa ta 1 tana son -5V, ta 8 tana son +12V, ta 9 +5V, ta 16 ƙasa. Daga 9V ɗin nan ake ƙera 12V da -5V ta wata 'yar da'ira mai koyil da taransista biyu, TR4 (ZTX650 ko 651) da TR5 (ZTX213). Idan TR4 ta mutu, -5V ya ɓace, kuma 4116 da ta samu 12V babu -5V tana iya ƙonewa. Don haka kafin wuta, sa mita a ohm ka auna kowace ƙafar wuta da ƙasa, ka tabbata babu gajeren haɗi. Auna koyil ɗin ma, ɓangarorinsa biyu kada su haɗe. Sannan ka ba da wuta na daƙiƙa kaɗan kawai, mita tana kan ƙafa ta 1. Babu -5V, cire wuta nan take.

Kawu_Fanel:
A ƙara da canza kondensa. Duk na ruwa da ke fanel ɗin sun haura shekara arba'in, sun bushe, kuma su ne ke sa TR4 wahala. A canza su duka, a kula da fuskar kowanne kafin a cire, a ɗauki hoto da waya, don akwai fanel ɗin da alamar da aka buga a jikinsa ba daidai take ba. Kada a zafafa ƙarfen dalma da yawa, layukan fanel ɗin suna ɗagowa.
Idan 4116 ɗaya ta mutu kuma ba a samu irinta ba, 4164 tana shiga: ɗaga ƙafa ta 1 da ta 8 kada su taɓa fanel, sannan ka haɗa ta 8 da ta 9 da 'yar waya. Ta samu 5V ɗinta, ba ruwanta da 12V.

Hajjo_ROM:
Kawu ya kawo 4164, sai ya tuna min da hujja mafi ƙarfi ga Baba_Z80. RAM na sama, 32K ɗin da ya mai da injin 48K, da IC masu lahani aka yi shi. TMS4532 na Texas ko MSM3732 na OKI asalinsu 64K-bit ne da rabinsu ya faɗi gwaji a masana'anta. Sinclair ya saye su da araha, aka sa wata 'yar gada a fanel da ke zaɓar rabin mai lafiya, na sama ko na ƙasa. Shi ya sa dole duka takwas su zama iri ɗaya. Mai gyara ya haɗa mai lafiyar sama da mai lafiyar ƙasa, injin ba zai ga 48K ba.
Gwaji mai sauƙi bayan ta tashi: PRINT PEEK 23732+256*PEEK 23733. Lafiyayyar 48K za ta ce 65535. Idan ta ce 32767, RAM na sama bai amsa ba sam. Wata lamba a tsakani, akwai IC mai ciwo.

Injiniya_Ummi:
Hajjo, ni kuwa wannan a wurina hujjata ce. Kayan da za a zubar aka mai da su ma'adanar da yara suka koyi aiki a kai, kuma rabin da aka yi amfani da shi lafiyarsa ƙalau.

Dan_Damagaram:
Na gode ƙwarai. Saura hoto. Talabijin na yanzu ba ya kama ta ta eriya.

Tsohon_Rediyo:
Tana fitar da hoto a UHF tasha ta 36, tsarin PAL. Tsofaffin talabijin na Najeriya PAL ne, amma ku a Nijar SECAM aka yi amfani da shi, tsohon akwati na can zai iya ba ka hoto babu launi. Sabbin talabijin kuma da yawa ba sa riƙe siginar, don ba ta cika ƙa'ida sosai ba. Mafita a tsallake akwatin ƙarfen nan na modileta da ke kusurwar hagu ta sama. Waya biyu ke shiga cikinsa daga fanel, ɗaya 5V ɗaya hoto. Cire ta 5V. A cikin akwatin, raba rizistar da ke manne da tsakiyar soket ɗin fita. Ɗauki wayar hoto ka kai ta tsakiyar soket ɗin ta cikin kondensa 100µF, ƙafar fozitif tana fuskantar fanel. Sai ka jona a ramin AV mai ruwan ɗorawa. Sauti ba ya bi ta nan, daga 'yar lasifikar cikin injin yake fita, ko ka ɗauka daga ramin MIC.
Regileta 7805 kuma ita ce murhun injin. Idan 11V ke shiga, 5V ke fita, injin yana jan misalin 0.6A, to wajen wat 3.6 ke zama zafi a faifan alminiyam ɗin nan, a ƙarƙashin ledar kibod. A zafin watan Afrilu na ƙasarmu abin ya fi muni. Sa regileta ta zamani mai ƙafa uku irin TSR 1-2450, sai ka cire faifan gaba ɗaya.

Yarima8bit:
Kaset fa? An ce ana iya loda wasa daga waya.

Kawu_Fanel:
Ana iyawa, tunda sauti ne kawai. Danna J, LOAD ta fito, riƙe SYMBOL SHIFT ka danna P sau biyu, ENTER. Gefen sikirin zai riƙa sauya ja da shuɗi mai haske. Da sautin share fage ya shigo, wajen 807 Hz, sai ya zama ratsi masu kauri ja da shuɗi-shuɗi na kusan daƙiƙa biyar, sai ɗan ƙyas na kan bayani mai bayit 17 inda suna da tsawo suke, sai share fage na biyu gajere, sannan ratsin shuɗi da ruwan ɗorawa sirara, bayanai ke nan. Sifili sauti ne na wajen 2 kHz, ɗaya kuma wajen 1 kHz, wato ɗaya ta ninka sifili tsawo. Hoton sikirin yana cin wajen daƙiƙa 40, cikakken wasan 48K kusan minti biyar.
Abin da ke kawo R Tape loading error: ƙarar ta yi ƙasa (wayoyi da yawa ba sa kai ƙarfin da ramin EAR ke so, sai an bi ta ƙaramar amfilifaya), ko igiyar sitiriyo a ramin mono, ko saƙo ya shigo wayar tsakiyar lodi. A rakoda kuwa, ƙara kashi uku cikin huɗu, a buɗe siririn sauti, a goge hed da auduga da sipirit. Idan har yanzu sautin a dushe yake, akwai ƙaramin sukuru a gefen hed, juya shi kaɗan-kaɗan kaset yana tafiya har sautin ya fi kaifi. Wajen SAVE a cire igiyar EAR, in ba haka ba sautin ya zagayo ya ɓata abin da ake ɗauka.

MaiDalma_Kano:
Gargaɗi ɗaya da ya fi duka: kada a cusa ko a zare komai a bakin fanel na baya wuta tana kunne, ko Kempston ne (mahaɗin sandar wasa) ko firinta. Layukan wuta suna maƙwabtaka da na furosesa. Ya ɗan karkace, TR4 ta tafi, sau da yawa da RAM ko Z80. Injin kuma ba shi da makunni, zare filogi ne kashewarsa. Nan ma an yi tsimin kuɗin makunni.

Baba_Z80:
Kun ga dai duk hanyar da aka bi tana dawowa kan maganata. Kuma da ya bar abin da ya iya, me ya faru? Kwamfutar QL, Janairu 1984, fam 399, Motorola 68008, RAM 128K. An tallata ta ba a gama ta ba. Na farko da suka isa hannun mutane, wani ɓangaren ROM a waje yake rataye a bayan injin. Maimakon faifai aka sa Microdrive, siririn kaset mai zagaye marar ƙarshe, wajen 100K, yana miƙewa yana cin bayanai. 'Yan ofis da aka yi don su ba su saya ba. Sai C5, ɗan abin hawa na lantarki mai ƙafa uku, a 10 ga Janairu 1985, ita ta kashe kamfanin.

Hajjo_ROM:
Gyara kaɗan Baba. C5 ta kamfanin Sinclair Vehicles ce, daban da Sinclair Research, da kuɗin aljihunsa ya kafa shi. Abin da ya durƙusar da na kwamfuta shi ne QL, da ƙaramin talabijin TV80 da bai karɓu ba, da kayan da suka yi kwantai bayan Kirsimetin 1984. Yunƙurin ceto na Robert Maxwell a 1985 ya rushe, sai Alan Sugar na Amstrad ya sayi sunan da harkar kwamfutar kan fam miliyan 5 a Afrilu 1986. Abin da C5 ta kashe shi ne kwarjininsa.
Ita C5 ɗin doka aka bi aka ƙera ta: dokar 1983 ta yarda ɗan shekara 14 ya tuƙa keken lantarki babu lasisi idan bai wuce mil 15 a awa ba. Injin lantarki 250W, batirin gubar 12V, giya ɗaya, babu ribas, babu rufi, sitiyari a ƙarƙashin gwiwa. Aka ƙaddamar da ita a Alexandra Palace tsakiyar hunturu, lokacin da sanyi ke rage ƙarfin batir. Mai tuƙi yana zaune ƙasa-ƙasa daidai tayar babbar mota. Hoover ta haɗa wajen 14,000 a Merthyr Tydfil, wajen 5,000 aka sayar kafin kamfanin ya faɗi a shekarar.

Malam_Lissafi:
QL ɗin da ake raina wa, a kanta Linus Torvalds ya goge hannunsa kafin ya koma PC ya fara Linux. Ƙarancin manhajojinta a Finland ya sa dole ya rubuta nasa. QDOS, tsarin gudanar da QL na Tony Tebby, kuma yana gudanar da ayyuka da yawa lokaci guda tun 1984.

Injiniya_Ummi:
Gadon ma ya bi ta hanyar da bai nufa ba. Chris Curry yaron Sinclair ne shekara da shekaru, shi ya tsaya kan MK14, 'yar kwamfutar da ta riga ZX80. Da suka saɓa kan makomar kwamfuta, Curry ya fita ya kafa Acorn da Hermann Hauser. Acorn ta kayar da Sinclair a kwangilar BBC a 1981, kuɗin BBC Micro ya ba Sophie Wilson da Steve Furber damar zana furosesar ARM, wadda ta fara aiki a 1985. Wayar da kowannenmu ke karanta wannan da ita, Tecno ce ko Samsung ko iPhone, tsarin ARM ne a cikinta. A ɓangaren wasanni, Ultimate ta 'yan'uwa Stamper ta zama Rare. David Jones ya yi aiki a Timex ta Dundee kafin ya kafa DMA Design, wadda ta zama Rockstar North.

Baba_Z80:
ARM gadon Acorn ne Injiniya, kada a ba mutum ladan abokin hamayyarsa.

Tsohon_Rediyo:
To ga wanda ba a gardama a kai: kwafi. A Tarayyar Sobiyet babu ULA, sai injiniyoyi suka warware aikinta suka maimaita da ƙananan IC na gida. Leningrad ta Sergey Zonov, Pentagon, Scorpion. Brazil ta yi TK90X, Cekoslobakiya Didaktik, Romaniya HC-85. Sauƙin injin ne ya sa ake iya haɗa shi a teburin ɗaki. Mai amfani da Fuse ya lura: Pentagon tana da bugun agogon furosesa 71680 a kowane hoto, 48K ta asali 69888, kuma a Pentagon furosesa ba ta jiran ULA wajen taɓa RAM na ƙasa. Manhajar Rasha da ke zane a gefen sikirin za ta karkace idan ka zaɓi 48K.

Yarima8bit:
Wai da gaske shi kansa Sinclair ba ya amfani da kwamfuta?

Hajjo_ROM:
Haka ya faɗa wa 'yan jarida a shekarunsa na baya, ko imel ba ya so. Hankalinsa na kan abin hawa da ƙananan na'urori: kwamfutar tafi-da-gidanka Z88 a 1987, keken Zike a 1992, A-bike mai naɗewa a 2006. Kuɗin kwamfuta a wurinsa jarin motar lantarki ne. Sarautar Sir kuwa a 1983 ya same ta, Spectrum tana kan ganiyarta.

Dan_Damagaram:
Kawu, na koma kan gyara. Idan komai ya tashi, rubutun 1982 Sinclair Research Ltd ya fito, amma maɓallai biyar a jere ba sa aiki, 1 zuwa 5 misali?

Kawu_Fanel:
Leda ce. Maɓallai 40 an jera su 8 sau 5. Biyar a jere sun mutu, layi ɗaya ya tsage a leda mai layi 8. Idan kuwa maɓallai takwas ne warwatse, ɗaya daga kowane rukuni, to a mai layi 5 ne. Duba daidai inda ta lanƙwasa kusa da faifan zafi, za ka ga tsagar kamar gashi idan ka ɗaga ta a haske. Idan tsagar tana kusa da baki, yanke da almakashi a miƙe sama da ita ka mayar, in dai tsawon zai kai. In ba zai kai ba sai sabuwa, har yanzu ana buga su. Farantin ƙarfen saman kibod da gam aka manna shi a yawancinsu, ɗan ɗumama shi da na'urar busar gashi ka ɗaga a hankali, in ka yi gaggawa zai lanƙwashe kuma ba ya komawa daidai. Idan an sa sabuwar leda matsalar tana nan, auna dayod takwas da ke kusa da soket ɗin mai layi 8, D1 zuwa D8, ɗaya ta buɗe.